Haya, Kwanan Titi da Shaye-shaye: Iyakar Ikon Hukumar Birni a Bankuba ta Kanada

1.0 Gabatarwa

Birnin Vancouver, wanda a bakin Bahaushe yakan fito da Bankuba, yana bakin tekun Fasifik ne a yammacin ƙasar Kanada, cikin lardin Birtish Kolombiya. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna cewa mutum 662,000 da ƴan kai ne ke zaune a cikin birnin kansa. Idan kuma aka haɗa da garuruwan da ke kewaye da shi, adadin ya haura miliyan biyu da rabi. Birni ne mai arziki, mai babbar tashar jiragen ruwa, kuma sau da yawa akan sa shi cikin jerin biranen da suka fi daɗin zama a duniya. Duk da haka, tafiyar ƴan mintoci a ƙafa daga dogayen benayen ƴan kasuwa, akwai wata unguwa mai suna Downtown Eastside, wato gabashin tsakiyar gari, inda talauci da kwanan titi da shaye-shaye suka samu gindin zama fiye da shekara talatin.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda tsadar haya da rashin matsuguni da jarabar ƙwaya suke sarƙe da juna a wannan birni, sannan ta nuna abin da hukumar birni ke iya yi da abin da ya fi ƙarfinta. Abin da za a gani shi ne, magajin gari ne jama'a ke ɗora wa laifi, domin a titunansa matsalar take bayyana, alhali kuwa mafi yawan makullan da za a buɗe ƙofar magani da su suna hannun gwamnatin lardi da ta tarayya.

2.0 Ma'anar wasu kalmomi

Ya dace tun farko a fayyace wasu kalmomi da za su riƙa maimaituwa. “Marar matsuguni” shi ne mutumin da ba shi da ɗakin da zai kira nasa, ko yana kwana a titi, ko a tanti, ko a mota, ko a gidan kwana na wucin gadi da gwamnati ko ƙungiyoyin agaji suka tanada. “Jaraba” a nan tana nufin halin da jikin mutum da hankalinsa suka saba da wata ƙwaya, har ya zama idan bai samu ba yana shiga ciwo da ƙunci. “Hukumar birni” ita ce magajin gari da majalisarsa da ma'aikatansu. “Lardi” kuwa shi ne matakin mulki na tsakiya a Kanada, wanda ke da firimiya da majalisar dokoki tasa, kuma yana tsakanin birni da gwamnatin tarayya da ke Otawa.

3.0 Asalin unguwar da ɗakunanta

An kafa Bankuba a matsayin birni a shekarar 1886, kuma wannan unguwa ita ce tsohuwar cibiyarsa. A farkon ƙarni na 20 aka gina ƙananan otal-otal masu yawa a cikinta domin masu saran itace da masunta da ma'aikatan jiragen ruwa, waɗanda sukan shigo gari su huta idan aikin daji ko na teku ya tsaya. Ɗakunan ƙanana ne ƙwarai, ba su da wurin girki, kuma mutanen bene guda sukan yi tarayya a banɗaki ɗaya. Da waɗannan sana'o'i suka ja baya, sai otal-otal ɗin suka koma gidajen haya na wata-wata ga tsofaffin leburori da naƙasassu da duk wanda ba ya iya biyan haya a wani wuri. Ma'ana dai, ɗakin irin wannan otal shi ne matakin ƙarshe kafin titi.

Abubuwa uku ne suka taru suka matse wannan mataki. Na farko shi ne raguwar ɗakunan su kansu. Lokacin babban baje-kolin duniya da birnin ya karɓi baƙuncinsa a 1986, masu wasu otal-otal sun kori ɗaruruwan tsofaffin ƴan haya domin su saukar da baƙi masu biya da tsada. Daga baya kuma an rushe wasu gine-ginen, wasu an gyara su an ƙara musu kuɗi. Na biyu, a shekarar 1993 gwamnatin tarayya ta daina ba da kuɗin gina sababbin gidajen talakawa, aikin da ta yi shekaru tana yi. Na uku, an riƙa rage majinyata a babban asibitin masu taɓin hankali na Riverview, wanda a shekarun 1950 yake ɗauke da mutum sama da 4,000, har aka rufe shi a 2012. Niyyar ita ce a kula da majinyatan a cikin jama'a, amma gidaje da ma'aikatan da aka tanada ba su kai yawan da ake buƙata ba, sai da dama daga cikinsu suka gangara wannan unguwa saboda arhar ɗaki.

4.0 Yadda haya ke fitar da mutum titi

Ruwa ba ya tsami banza. Domin a gane dalilin da ya sa mutum yake kwana a waje a birni mai arziki, sai a kwatanta abin da ke shiga aljihunsa da abin da maigida ke nema. Wanda ba shi da aiki a Birtish Kolombiya yana karɓar kuɗin tallafi daga gwamnatin lardi, kuma akwai wani kaso da aka ware musamman domin haya. Daga 2007 har zuwa 2023 wannan kaso bai motsa daga dalar Kanada 375 a wata ba ga mutum ɗaya. A 2023 ne aka ɗaga shi zuwa dala 500. A wannan shekarar kuwa, kuɗin da ake nema a kasuwa domin gida mai ɗakin kwana ɗaya a Bankuba ya haura dala 2,500 a wata. Haka kuma a 2022 da 2023, gidajen hayar da suke babu kowa a ciki ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, ko da yake lamarin ya ɗan sassauta a shekarun da suka biyo baya. A irin wannan kasuwa maigida ne ke zaɓen ɗan haya, kuma mai tallafin gwamnati shi ne na ƙarshe a layi.

Dokar haya ta lardi ce. Kowace shekara gwamnatin lardi takan ƙayyade iyakar ƙarin da maigida zai yi wa ɗan hayar da ke zaune: kashi 2 cikin 100 a 2023, kashi 3.5 a 2024, kashi 3 a 2025. Sai dai wannan kariya tana bin mutum ne, ba ta bin ɗaki. Da zarar ɗan haya ya fita, maigida yana da damar yanka wa sabon shiga duk kuɗin da ya ga dama. Abin lura a nan shi ne, tsarin yana sa wa maigida kwaɗayin ganin tsohon ɗan haya ya tashi, ko da sunan gyaran gida, ko ta ba shi ƴan kuɗi ya tafi. Kafin 2024, ɗakin otal da a da ake biyan sa da kuɗin tallafi, da an yi masa fenti an sa sabon daɓe, sai ya koma hannun ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci a kan ninkin kuɗin.

Waɗanda ba a gyara ba kuma sukan lalace har su zama haɗari. A 2017 hukumar birni ta ba da umarnin kwashe mazauna otal ɗin Balmoral saboda tsoron kada ginin ya rufta, a 2018 kuma aka rufe na Regent da ke fuskantarsa. A watan Afrilun 2022 gobara ta cinye otal ɗin Winters, inda mutum biyu suka rasu. Hukuma a nan tana tsaka mai wuya. Idan ta ƙyale ginin, rayuka suna cikin haɗari. Idan ta rufe shi, ɗakuna masu arha sun ƙara raguwa.

Sakamakon haka yana fitowa a ƙidayar marasa matsuguni da akan yi cikin yini guda. A 2008 an ƙirga mutum 1,576 a birnin. A wannan shekarar aka zaɓi Gregor Robertson magajin gari, bisa alkawarin kawo ƙarshen kwanan titi kafin ƙarewar 2015. Lokacin da ya sauka a 2018, adadin ya kai 2,181, a 2023 kuma 2,420. Bugu da ƙari, kusan kashi ɗaya cikin uku na marasa matsugunin yankin ƴan asalin ƙasar ne, waɗanda Turawa suka tarar, alhali ba su wuce kimanin kashi 2 cikin 100 na jama'ar yankin ba. Wannan yana da nasaba da tarihin ƙwace musu ƙasa da raba yara da iyayensu a makarantun kwana na dole.

5.0 Shaye-shaye da manufar ginshiƙai huɗu

A shekarun 1990 hiroyin da hodar iblis suka yawaita a unguwar, kuma masu sha da yawa suna yi wa kansu allura ne. Saboda yin tarayya a allura ɗaya, cutar sida, wadda wasu ke kira ƙanjamau, ta bazu da sauri, har hukumar lafiyar yankin ta ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya a 1997. Magajin garin lokacin, Philip Owen, mutum ne mai ra'ayin riƙau, amma ya gamsu cewa kame da ɗauri kaɗai sun gaza. A 2001 majalisar birni ta amince da wata manufa da aka aro daga ƙasar Suwizalan, wadda aka sani da ginshiƙai huɗu, wato rigakafi, da jinya, da aiwatar da doka, da rage illa. Abin da ake nufi da rage illa shi ne a tsare ran mai sha da lafiyarsa tun kafin ya kai ga dainawa, misali ta ba shi allura mai tsabta, domin sai da rai ake jinya.

A watan Satumban 2003, zamanin magajin gari Larry Campbell, aka buɗe Insite a kan titin Hastings. Shi ne wuri na farko a Amurka ta Arewa da doka ta yarda mai sha ya shigo da ƙwayarsa ya yi allura a gaban ma'aikatan jinya, waɗanda za su farfaɗo da shi idan ta fi ƙarfinsa. Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2011 ya gano cewa mace-macen da ƙwaya ke haddasawa sun ragu da kashi 35 cikin 100 a kewayen wurin bayan buɗe shi. Amma ko wannan wuri ba da ikon birni ya tsaya ba. Kuɗin tafiyar da shi daga hukumar lafiya ta lardi yake zuwa, izinin kauce wa dokar miyagun ƙwayoyi kuwa daga Otawa. Da gwamnatin tarayya ta Stephen Harper ta ƙi sabunta izinin, sai da aka kai ga Kotun Ƙolin Kanada, wadda a watan Satumban 2011 ta yanke hukunci baki ɗaya cewa a bar wurin a buɗe.

Bayan ƴan shekaru sai kasuwar ƙwaya ta sauya. Fentanil, wani sinadari da ake haɗawa a ɗakin gwaji wanda ya ninka hiroyin ƙarfi sau da dama, ya mamaye kayan da ake sayarwa a ɓoye. Mai saye ba ya sanin ƙarfin abin da ya saya, kuma ɗan ƙari kaɗan yana iya tsayar da numfashi. A watan Afrilun 2016 lardin ya ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya. A 2023 kaɗai mutum sama da 2,500 ne suka mutu ta wannan hanya a faɗin lardin, kafin adadin ya fara raguwa a 2024. Daga 31 ga Janairun 2023, da izinin gwamnatin tarayya, lardin ya fara gwajin daina kama baligin da aka samu da ƙwayar da ba ta wuce giram 2.5 ba. Koke-koken jama'a kan sha a asibitoci da wuraren shaƙatawa sun sa aka maido da haramcin sha a bainar jama'a a watan Mayun 2024, kuma gwajin ya ƙare a Janairun 2026 ba tare da an sabunta shi ba.

Dangantakar shaye-shaye da rashin matsuguni kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa ne. Jaraba tana iya raba mutum da aikinsa da ɗakinsa. Haka nan mai kwana a waje cikin sanyi da ruwan sama da tsoron sata yakan nemi abin da zai hana shi barci ko ya gusar masa da damuwa, kuma da wuya ya riƙe lokacin ganin likita. Tsakanin 2009 da 2013 an yi wani babban gwaji a birane biyar na Kanada, har da Bankuba, inda aka ba marasa matsuguni masu taɓin hankali gida kai tsaye ba tare da sharaɗin sai sun daina sha ba. An gano cewa waɗanda aka ba gida sun fi sauran dawwama a matsuguni nesa ba kusa ba, amma shansu bai ragu fiye da na sauran ba. Hasali ma, rahotannin hukumar binciken gawa ta lardin sun nuna cewa mafi yawan masu mutuwa a cikin ɗaki suke mutuwa, sau da yawa su kaɗai, babu mai kawo musu ɗauki. Ke nan ɗaki yana magance kwanan titi, jaraba kuwa tana buƙatar jinya ta daban.

6.0 Rabon iko tsakanin matakai uku

Tsarin mulkin Kanada na 1867 ya sa birane ƙarƙashin larduna. Bankuba tana aiki ne da wata doka ta musamman da majalisar lardi ta kafa mata a 1953, kuma duk ikon da ba a rubuta a cikinta ba, birnin ba shi da shi. Jama'a suna zaɓen magajin gari da kansiloli goma duk shekara huɗu. Lambunan shaƙatawa kuma suna ƙarƙashin wata hukuma ce daban mai zaɓaɓɓun wakilai bakwai. Babbar hanyar samun kuɗin birni ita ce harajin filaye da gine-gine, kuma doka ba ta yarda ya ci bashi domin ayyukan yau da kullum ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan kasafi yana tafiya ne ga ƴan sanda.

Idan aka jera matsalolin da aka ambata, za a ga inda makullin kowace yake. Dokar laifuka da ta miyagun ƙwayoyi ta tarayya ce. Asibitoci da jinyar jaraba da kuɗin tallafi da dokar haya na lardi ne. Abin da ya rage wa birni shi ne tsara amfani da filaye, da ba da izinin gini, da duba lafiyar gine-gine, da kashe gobara, da sharar titi, da biyan ƴan sanda.

Wannan bai hana birnin taɓuka abin da zai iya ba. A 2003 ya kafa dokar hana rushe ɗakunan tsofaffin otal-otal ko sauya musu aiki sai da izinin majalisa. A 2017 ya fara karɓar haraji a kan gidajen da aka bari babu kowa, kashi 1 cikin 100 na darajar gida, wanda aka ɗaga zuwa kashi 3 a 2021. Ko wannan sai da lardi ya gyara dokar birnin tukuna. A 2018 ya taƙaita hayar ƴan kwanaki irin ta Airbnb ga gidan da mutum yake zaune a ciki. Tsakanin 2017 da 2019 kuma an kafa ɗakuna kimanin 600 na haɗe-haɗe, waɗanda ake ƙerawa a masana'anta a zo a jera, inda birni ya samo filaye, lardi ya biya kuɗi.

Misalin da ya fi fito da iyakar ikon birni shi ne na 2021. A shekarar majalisa ta kafa dokar da za ta ɗaure ƙarin kuɗin haya ga ɗakin otal kansa, ko da ɗan haya ya sauya. Masu gidaje suka kai ƙara, kotu ta soke dokar a 2022 bisa hujjar cewa haya hurumin lardi ce, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da haka a 2024. Sai da majalisar lardi ta yi doka ta musamman a wannan shekarar sannan birnin ya samu damar aiwatar da abin da ya yi niyya shekara uku da suka wuce.

7.0 Tantuna da kotuna

Inda rikicin ya fi fitowa fili shi ne batun tantuna. Kotunan lardin, a wata shari'a da ta shafi birnin Biktoriya a 2008 da 2009, sun yanke cewa ba za a hana marar matsuguni kafa abin fakewa da dare a lambun jama'a ba muddin gadajen gidajen kwana ba su isa ba. Tun daga nan sansanonin tantuna suka riƙa tashi daga wuri zuwa wuri a Bankuba. An kwashe na lambun Oppenheimer a 2020, wani ya tsiro a lambun Strathcona. An kwashe wannan a 2021, wani ya kafu a lambun CRAB da ke bakin ruwa. A 2022 tantuna suka cika gefen titin Hastings, shugabar ƴan kwana-kwana ta ba da umarnin cire su saboda haɗarin gobara, kuma a watan Afrilun 2023 ma'aikatan birni da ƴan sanda suka kwashe su.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Masu shaguna da mazauna unguwa suna kukan gobara da sata da toshe hanya. Mazauna tantuna da ƙungiyoyin da ke tsaya musu suna cewa tantin ya fi musu ɗakin otal mai kuɗin cizo da ɓeraye, kuma korar tana raba su da kayansu da ma'aikatan lafiyar da suka san inda suke. Ken Sim, wanda aka zaɓa magajin gari a 2022 bisa alkawarin ɗaukar ƴan sanda 100 da ma'aikatan jinyar taɓin hankali 100, ya jagoranci majalisa a watan Fabrairun 2025 ta dakatar da ƙarin sababbin gidaje masu haɗe da kulawa. Hujjarsa ita ce Bankuba tana ɗauke da fiye da kashi uku cikin huɗu na irin waɗannan gidaje a yankin, alhali jama'arta kashi ɗaya cikin huɗu ce, don haka sauran garuruwa su ɗauki nasu kason. Masu suka suka amsa cewa babu dokar da za ta tilasta wa garuruwan yin haka, kuma kafin su yi, mutane a titi za su kwana.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa ɗakin haya mai arha shi ne mahaɗar waɗannan matsaloli. Raguwarsa ce ke cika titi, zaman titi kuma yana tsananta jaraba da taɓin hankali, su kuma suna ƙara wahalar komawa ɗaki. An kuma ga cewa kayan aikin da suka fi kusa da hannun magajin gari su ne ƴan sanda da motar shara da takardar izinin gini, shi ya sa kwashe tantuna ya fi gina ɗakuna saurin aukuwa. Matakan da suka ɗore, irin su Insite da ɗakunan haɗe-haɗe da harajin gidajen da ba kowa, duk sun samu ne lokacin da birni da lardi, wani lokaci har da tarayya, suka sa hannu tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka duk mai son auna alkawarin ɗan takarar magajin gari a kan gidaje ko shaye-shaye, ya kamata ya fara tambayar abu biyu: wace hukuma ce doka ta ba ikon yin aikin, kuma daga wace taska kuɗin zai fito.